Auna Ingancin Shafukan 'Yan Ƙwallon Kwando a Intanet: Darasi Ga Ɗaliban Harshe

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya ɗauki kwas na fassara ko na rubutun jarida a wannan sashe namu ya san cewa ba a raba mu da neman bayani a intanet. Malami zai ce a kawo tarihin wani shahararren mutum cikin Hausa, shafi biyu, zuwa ranar Litinin, kuma da yawanmu 'yan wasa muke zaɓa domin su muka fi sani. Ni ƙwallon kwando nake bi tun ina sakandare, saboda haka da shi zan kafa misalaina, musamman 'yan wasan gasar NBA ta Amurka. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne shafukan da 'yan wasan suke buɗewa da sunan kansu, da kuma yadda mai nazari zai auna su kafin ya ɗauko magana daga ciki ya sa a takardarsa. Hausa ba ita ce harshen da na tashi da shi ba, a aji na koye ta, kuma ina jin shi ya sa nake yawan tsayawa a kan ƙananan kalmomin da mai harshen zai wuce bai kula ba. A wannan batu, ƙananan kalmomin nan suna da aiki sosai.

Da wane suna za mu kira shafin?

A saman irin waɗannan shafuka akan liƙa wata kalmar Ingilishi mai nuna cewa mai sunan ya amince shafin nasa ne. Masu fassara da dama sukan ce "shafinsa na hukuma". Wannan bai kwanta mini ba, domin ɗan wasa ba hukuma ba ne, kuma Bahaushen da ya ji kalmar hukuma gwamnati ce za ta fara zuwa masa a rai. Wasu kuma sukan ce "sahihin shafi". Wannan ya fi daɗin ji, amma ya fi haɗari, saboda sahihi a Hausa shi ne abin da aka tantance aka tabbatar gaskiya ne. Ita kuwa kalmar Ingilishin mai shafi kawai take tabbatarwa, ba ta rantse a kan abin da aka rubuta a ciki ba. Don haka a nan zan riƙa cewa "shafin kansa". Zan kuma faɗaɗa ma'anar ta haɗa da shafin da ke da adireshinsa na musamman, da wanda ɗan wasa ya buɗe a X ko Instagram, da rubutun da aka buga da sunansa a wani wuri, tunda a yanzu ta waɗannan hanyoyi ne suka fi magana da jama'a.

Nasa ne kuwa?

Adireshin intanet haya ake yi, ba gado ba ne. Wanda ya riga zuwa shi ake bai wa suna, kuma in wa'adi ya cika bai sabunta ba, wani yana iya ɗauka. Saboda haka ganin sunan ɗan wasa a adireshi ba hujja ba ce. A shekarar 2009 Chris Bosh, wanda a lokacin yake wasa a Toronto Raptors, ya yi nasara a ƙarar da ya kai wani mutum da ya yi rajistar adireshi da sunansa. Kotun tarayya a Kalifoniya ta ba Bosh gaskiya, ta kuma miƙa masa adireshi kusan 800 da mutumin ya tara, da yawansu sunayen 'yan wasa ne. Bosh ya ce zai mayar wa masu sunayen kyauta. Abin lura shi ne, kafin wannan hukunci duk ɗalibin da ya buga ɗaya daga cikin sunayen nan ya shiga, shafin baƙo ya shiga.

Haka abin yake a kafafen sada zumunta. Shaquille O'Neal ya shiga Twitter a watan Nuwamba na 2008 bayan an gano wani yana rubutu da sunansa. A 2009 kamfanin ya fito da shuɗiyar alama mai nuna cewa an tantance mai shafi, kuma shekaru da dama mutane sun dogara da ita. Amma a Nuwamban 2022 aka fara sayar da alamar a kan dala 8 a wata, nan da nan wani ya buɗe shafi da hoton LeBron James da alamar, ya rubuta cewa yana neman barin Los Angeles Lakers. Bambancin adireshin jabun da na gaskiya harafi ɗaya ne a ƙarshe, z a madadin s. Mu da ake rage wa maki a kan bambancin ƙ da k, bai kamata irin wannan ya wuce mu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada a fara daga shafin kansa. A fara daga wurin da aka riga aka yarda da shi, kamar shafin NBA ko na ƙungiyar ɗan wasan ko babbar jarida, a ga ko sun ambaci adireshin. Sannan a gangara can ƙasan shafin, inda ake rubuta mai haƙƙin mallaka da ƙananan baƙaƙe. Sau da yawa sunan kamfanin wakilai ko na masu takalma za a tarar a wurin.

Wa yake magana?

A nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa abin cewa. A ranar 18 ga Maris, 1995, Michael Jordan ya sanar da komawarsa ƙwallon kwando bayan ya ajiye a 1993. Sanarwar ta fita ta na'urar fakis daga ofishin wakilinsa, kuma kalmomi biyu ne kacal a Ingilishi. Da Hausa ma biyu ne: "Na dawo." Wannan "na" babu wanda zai yi jayayya a kan ko wane ne. Amma idan rubutu ya kai kalma dubu, yana da gabatarwa mai jan hankali da sakin layi a tsare, ya kamata mu tambayi wane ne ya riƙe alƙalami.

A ranar 11 ga Yuli, 2014, LeBron James ya sanar da komawarsa Cleveland daga Miami Heat. Sanarwar ta fito a shafin mujallar Sports Illustrated, an rubuta ta da wakilin suna na mutum na ɗaya daga farko har ƙarshe, sai dai a saman an nuna cewa LeBron ya faɗa ne, ɗan jarida Lee Jenkins ya rubuta. Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi kwas na adabi ya ji labarin Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta da baki, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Labarin na Baba ne, amma zaɓen abin da zai shiga da yadda za a jera shi ya bi ta hannun wata. Muna karanta shi da sanin haka, kuma da irin wannan sani ya kamata mu karanta na LeBron. A ganina rubutun da ya fito fili ya faɗi sunan wanda ya taya ya fi wanda ya ɓoye daraja.

A watan Oktoba na 2014 ɗin, Derek Jeter, tsohon ɗan wasan ƙwallon sanda na Amurka, ya kafa The Players' Tribune domin 'yan wasa su riƙa magana ba tare da ɗan jarida ya shiga tsakani ba. A can Kobe Bryant ya sanar, ranar 29 ga Nuwamba, 2015, cewa zai ajiye wasa a ƙarshen kakar, kuma da rubutacciyar waƙa ya yi sanarwar. A can Kevin Durant ya sanar da komawarsa Golden State Warriors ranar 4 ga Yuli, 2016. A can kuma Kevin Love ya bayyana, a Maris na 2018, yadda firgici ya kama shi ana tsakiyar wasa. Wannan na ƙarshe shi ne irin abin da babu mai iya faɗa sai mai shi, kuma a nan ne shafin kansa ya fi kowace jarida amfani. Duk da haka dandalin yana da editoci da suke aiki tare da 'yan wasan, ɗan wasa kuma ya amince kafin a buga. Wato an cire mai yi masa tambayar da ba ya so, an bar mai gyara masa jimla.

Misalin da na fi so shi ne na Durant a Satumban 2017. Wani ya tambaye shi a Twitter dalilin barinsa Oklahoma City Thunder. Amsar ta fito daga shafin Durant na gaskiya, amma da wakilin suna na mutum na uku aka rubuta ta: cewa ba ya son shugabancin ƙungiyar, ba ya son wasa a ƙarƙashin koci Billy Donovan. Jama'a suka fassara abin da cewa ya yi niyyar rubutawa daga wani ɓoyayyen shafi ne, ya kare kansa da muryar wani, sai ya manta bai sauya ba. Daga baya ya amsa cewa shi ya rubuta, ya kuma nemi afuwa. A Hausa dukan rikicin nan yana tsakanin "ba na so" da "ba ya so". Mai fassarar da ya ga sunan Durant a sama ya yi saurin gyara masa zuwa "ba na so" ya kashe labarin gaba ɗaya, domin labarin a cikin wannan "ya" yake.

Daga nan sai batun kalmar da za mu jingina magana da ita. "Ya ce", "ya rubuta", "a cewarsa", "wata sanarwa da aka fitar da sunansa ta ce", duk ba ɗaya suke ba. Idan bidiyo ne aka ga bakinsa yana motsi, "ya ce" ta wadatar. Idan rubutu ne aka nuna wanda ya taya, a faɗi haka. Ita kuwa "wai" a yi hattara da ita. Mu masu koyon Hausa mukan ɗauke ta a matsayin kalmar rahoto kawai, alhali mai harshen yana jin shakka a cikinta. Wanda ya rubuta "wai Love ya yi fama da firgici" ya ƙaryata mutumin ba tare da ya yi niyya ba.

Kwanan wata

A ƙarshen Mayun 2007 Kobe Bryant ya fito a rediyo ya ce yana so Lakers su sayar da shi, kuma shafinsa na wancan lokaci, kb24.com, ya ɗauki saƙonsa a kan batun. Maganar tasa ce, shafin nasa ne, babu jabu ko ɗaya. Amma bai bar ƙungiyar ba. Ya zama gwarzon gasar a 2008, ya ci kofi a 2009 da 2010, ya zauna har ya ajiye wasa a 2016. Wanda ya ɗauko saƙon nan bai sa masa shekara ba ya faɗi gaskiyar da ta koma ƙarya. Shafin da ba ya sa kwanan wata a kan rubutu, ni kam rabin makinsa nake cirewa tun kafin in karanta.

Akwai gwaji mai sauƙi. A nemi wani abu da aka san ranar da ya sauya, a ga me shafin ya ce a kansa. Alal misali, Kareem Abdul-Jabbar ya riƙe kambun yawan maki a tarihin NBA tun 1984, ya ajiye wasa da maki 38,387. LeBron ya wuce shi ranar 7 ga Fabrairu, 2023, ya kuma kai 40,000 a Maris na 2024. Shafin da har yanzu yake sa Kareem a gaba ya nuna da kansa lokacin da aka daina kula da shi, sauran bayanansa ma a nan suka tsaya. A wajen fassara, wannan yana nufin kada mu kwafi "yana wasa a ƙungiya kaza" kai tsaye. In ba mu tabbatar ba, "ya yi wasa a ƙungiya kaza a shekara kaza" ba ta tsufa.

Shafukan shekarun 2000 da yawa da manhajar Flash aka gina su, masu kiɗa da hotuna masu motsi, kuma kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a ƙarshen 2020. Wasu sun rufe, wasu adireshinsu ya koma hannun wasu. Mai son ganin yadda shafi yake a wata shekara ta baya sai ya gwada Wayback Machine na Internet Archive, wanda yake ajiye kwafen shafuka da ranar da aka ɗauke su. Ba kome yake kamawa ba, amma ranar da yake bayarwa tana da amfani a rataye.

Alƙaluma da sunaye

Tsawon ɗan wasa abu ne da za a ce ba a gardama a kansa, tunda awo ne. Amma shekaru da yawa wasu da takalmi ake auna su, wasu kuma abin da suka ga dama suke bayarwa. Durant an daɗe ana rubuta masa ƙafa 6 da inci 9. A 2019 NBA ta umarci ƙungiyoyi su auna kowa ba takalmi, su kuma tabbatar da shekarun haihuwa, sai nasa ya koma ƙafa 6 da inci 10, wato kusan santimita 208. Batun shekaru kuwa, a Disambar 2018 Buddy Hield na Sacramento Kings ya bayyana cewa 26 ya cika, ba 25 da ake rubutawa ba, domin a 1992 aka haife shi. A wannan karo ɗan wasan ne yake da gaskiya, manyan majiyoyin suka yi kuskure. Saboda haka ba na cewa a jefar da shafin kansa a rungumi na gasar. A ajiye biyun gefe da gefe, a ƙara da na uku kamar Basketball Reference, in sun saɓa a faɗa wa mai karatu cewa sun saɓa.

Sunaye sun fi shafarmu, domin biyu daga cikin manyan taurarin gasar jininmu ne. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963, wanda Houston Rockets suka ɗauka na farko a 1984 ya kuma ci musu kofi a 1994 da 1995, da Akeem aka san shi a Amurka har zuwa 1991 da ya ƙara H a gaban sunan. Mai neman labarinsa na shekarun 1980 da sabon rubutun zai rasa abubuwa da yawa. Shi kuwa Giannis Antetokounmpo, wanda ya ci kofi da Milwaukee Bucks a 2021, an haife shi a Atina a 1994, iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma asalin sunan Adetokunbo ne, sunan Yarbanci mai ma'anar sarauta ta zo daga ƙetaren teku. Girkancin zamani da baƙaƙe biyu yake rubuta sautin d, wato nt, haka sautin b, wato mp. Da ya sami takardun zama ɗan Girka a 2013 aka mayar da sunan zuwa baƙaƙen boko daga rubutun Girkanci, sai ya fito a yadda muke gani. Shawarata ita ce a rubuta sunan yadda mai shi yake rubutawa, sannan a yi wa mai karatu bayanin asalinsa sau ɗaya. A nan shafin kansa shi ne alƙali, domin babu wanda ya fi mutum iko da sunansa.

Me ake sayarwa?

Shafin kansa ya fi kama da kirari. Ɗan dambe in ya shiga fage yana kirari, babu mai cewa kirarin ba nasa ba ne, kuma babu mai tsammanin zai lissafa ranakun da aka kayar da shi. Mai rubuta tarihin LeBron daga shafin yabo zai sami kofuna huɗu, na 2012, 2013, 2016 da 2020. Cikakken tarihi sai ya ƙara da cewa zuwa 2020 sau goma ya je zagayen ƙarshe, aka doke shi a shida. Haka makarantar I Promise da aka buɗe a garinsu Akron a 2018: gidauniyarsa tana da hannu sosai a ciki, amma makarantar gwamnati ce a ƙarƙashin hukumar ilimi ta garin. "Makarantar LeBron" a Hausa za ta sa mai sauraro ya ɗauka mallakarsa ce.

Wani lokaci abin ya wuce yabo ya kai ga aljihu. Mai neman Jordan a intanet zai fi saurin faɗawa shagon takalman Jordan, wanda na kamfanin Nike ne, kuma wannan a fili yake, kowa ya san talla ce. Wadda ba a bayyana ba ita ce matsala. A Fabrairun 2023 Paul Pierce, wanda ya ci kofi da Boston Celtics a 2008, ya amince ya biya sama da dala miliyan 1.4 ga hukumar da ke kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka. Zargin shi ne ya tallata wani kuɗin intanet mai suna EthereumMax a Twitter bai faɗi cewa an biya shi abin da ya haura dala 244,000 ba. Shafin nasa ne na gaskiya, ya ci duk gwajin da muka yi a sama. Idan ɗayanmu ya sami aiki a gidan rediyo gobe, ya fassara irin wannan saƙo a matsayin labari, ya kai tallar har kunnen mutanen da ba za su taɓa ganin asalinta ba, kuma kuɗinsu ne a ciki.

Kyan shafi kuwa, wato launi da hotuna da tsari, ba na ba shi maki mai yawa. In yana buɗewa a waya ba tare da cinye data ba, kuma ana samun abin da ake nema, ya isa.

Jinga

Ga mai son gwadawa, ya zaɓi Olajuwon ko Antetokounmpo, ya rubuta tarihinsa cikin kalmomi 200 da Hausa. A gefen kowace jimla ya rubuta inda ya samo ta da shekarar da aka rubuta ta. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin jimlolin da bai samu a ko'ina ba sai a bakin ɗan wasan, ya sake duba kalmar da ya jingina kowace da ita, ko "ya ce" ko "ya rubuta" ko "a cewarsa". Wanda ya gama ya miƙa wa editocin wannan mujalla, mu kwatanta a fitowa ta gaba.